Baƙi da Wasali a Gadon Tsiro

Malaman da ke koyar da ilmin halitta da Hausa za su ci karo da kalmar efijenetik, wadda Conrad Waddington ya ƙago a 1942. Kafin mu nema mata suna, ya kamata mu san abin da take nufi.

Akwai wata ciyawa ta ƙasar Japan da masana ke kira Fallopia japonica. Wani likita Bajamushe, Philipp von Siebold, shi ya kai ta Turai, har aka aika da ita lambun Kew na Landan a 1850. Da saiwa take yaɗuwa, ɗan guntu ya isa, kamar yadda ake dasa rogo. A shekarar 2000 aka tabbatar cewa wadda ta game Ingila duk uwa ɗaya ce aka yi ta tsinkawa, watau gadonta ɗaya. Alhali kuwa an saba cewa sai zuriya ta bambanta take jure wa wurare dabam dabam. To, ta yaya wannan ta yi?

A 2012 Christina Richards da abokan aikinta suka gwada irinta a jihar New York ta Amurka: ta bakin hanya, da ta gaɓar teku, da ta fadama mai gishiri. Suka tarar jerin ƙwayoyin gado kusan ɗaya ne. Bambancin yana ga wasu ƙananan ɗige-ɗige na sinadari, metil, da ke manne wa DNA, su sa a karanta wani sashe, a tsallake wani. Ɗige-ɗigen nan kuwa sun bi irin wurin da ciyawar ta fito.

Wanda ya iya ajami ba zai sha wuya ba a nan. Baƙi ɗaya ne, amma in wasali ya sake, karatu ya sake. Saboda haka ni a ganina "wasalin gado" ya fi aron da ke sarƙe harshen ɗalibi.

Sai dai a yi hattara wajen koyarwa. Samun wasali dabam a fadama bai nuna shi ya sa ciyawar ta jure wa gishiri ba, har yanzu masana suna gardama a kan wannan. Sa'an nan wasalin littafi yana nan inda magatakarda ya ɗiga shi, na tsiro kuwa yana iya gogewa bayan 'yan haihuwa.