Adana Kayan Tarihi na Ƙarfe: Daga Jirgin Ruwan Yaƙi na NNS Bonny Zuwa Tashar Jirgin Ƙasa ta Ƙauran Namoda

A bisa al'ada, idan jirgin ruwan yaƙi ya kammala aikinsa, akan sayar da shi ga masu yanka ƙarfe. Sai dai akwai jiragen da hukumomi kan keɓe saboda rawar da suka taka a tarihin ƙasa, a mayar da su gidajen tarihi domin amfanin jama'a. Ko da yake Jihar Zamfara ba ta da teku, akwai darasi a wannan al'amari ga al'ummar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da Birnin Tsaba.

Misali daga gida Nijeriya

A Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia, babban birnin Jihar Abiya, wanda aka buɗe a shekarar 1985, akwai jirgin ruwan yaƙi mai suna NNS Bonny. Rundunar Sojojin Ruwa ta Nijeriya ta yi amfani da shi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. An ajiye shi a kan tudu, tare da motocin sulke da jiragen sama da makaman ɓangarorin biyu, domin 'yan baya su ga abin da yaƙi ya jawo, su kuma san darajar zaman lafiya. Haka nan a Ingila, an buɗe jirgin HMS Belfast ga masu ziyara a Kogin Thames da ke Landan a shekarar 1971.

Yadda ake adana irin wannan jirgi

Da farko akan kwashe harsasai da duk wani abin fashewa, a tsiyaye man da ya rage a cikin injuna. Daga nan sai a kankare tsatsa, a shafa fenti mai hana ruwa taɓa ƙarfe, domin tsatsa na samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da iska da laima, gishirin teku kuma yana hanzarta ta. Wannan ya sa akan fitar da wasu jiragen daga ruwa baki ɗaya. Bayan haka akan tattara takardu da hotuna da bayanan waɗanda suka yi aiki a cikin jirgin, saboda ƙarfe shi kaɗai ba ya ba da labari. Aikin fenti da gyara kuwa ba ya ƙarewa, don haka dole a tanadi kuɗi da ma'aikata na dindindin.

Abin da muke da shi a Zamfara

Babban kayan tarihi na ƙarfe a arewacin wannan jiha shi ne layin dogo. A shekarar 1929 aka kammala layin da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda. Ta wannan tasha aka riƙa ɗaukar gyaɗa da auduga da fatu daga kasuwannin yankin zuwa tashar ruwa ta Ikko, abin da ya bunƙasa garin, ya kuma jawo baƙi daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Daga shekarun 1980 harkar jirgin ƙasa ta ja baya a Nijeriya, motoci suka karɓe dakon kaya.

Adana irin waɗannan kaya ba sabon abu ba ne. Gidan Tarihi na Jos ya ajiye kawunan jiragen ƙasa na ƙaramin layin Zariya zuwa Jos wanda aka rufe a 1957. A Ebute Metta kuma, an gyara Gidan Jaekel, aka mayar da shi ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa.

Yanayinmu na ƙarancin laima yana rage saurin tsatsa. Babbar barazana a nan ita ce sakaci da kuma masu cire ƙarfen dogo su sayar wa 'yan gwangwan. Abin da aka narkar kuwa ya tafi ke nan har abada.

Kira ga al'umma

Layin dogo mallakar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ne, ayyana wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa kuma yana bi ne ta hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Duk da haka, tsaron yau da kullum yana wuyan jama'a. Ana kira ga sarakuna da hakimai da su sa ido, ga malamai da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda da su rubuta bayanan tsofaffin ma'aikatan jirgi tun suna raye, sannan duk wanda ya ga ana cire ƙarfen dogo ya sanar da jami'an tsaro mafi kusa.