Ƙafar Tsohuwar Mota da Hanyar Gashuwa

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga tashar Nguru zuwa Gashuwa, ko ya ratse arewa ya nufi Yusufari, inda rairayi ke haɗiye taya har rabinta, ba ya bukatar a kafa masa hujja cewa lafiyar mota a ƙasarmu ta rataya ga ƙafafunta tun kafin a zo batun inji. Dalili ke nan da ya sa na ga ya wajaba a yi bayani a kan wata na'ura da samari masu sha'awar tsofaffin motoci ke kwaɗayi, wadda Turawa ke kira koyiloba.

Haƙiƙaninta dai shokozoba ce da aka naɗe wa sifirin a jiki, aka yanka wa gangar jikinta zare irin na ƙusa mai noti, aka sa mata zobe, ta yadda in bakanike ya murɗa zoben sama mota ta ɗaga, in ya sassauto da shi ta durƙusa. Matasan Turai da Amurka galibi don su kwantar da mota suke sayenta, alhali kuwa mu, da muke fama da kwazazzabai da ruwan damina, ɗagawar muke nema.

To, amma kowace mota da irin ƙirarta. Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka soma harhaɗa ta a Kaduna a 1975, shekarar da ta ci tseren Safari na Kenya, tun asali ƙafarta ta gaba sifirin ne da shokozoba a haɗe, saboda haka sa mata koyiloba ba ya saɓa wa ɗabi'arta ƙwarai. Ƙaramar Volkswagen kuwa, wadda aka harhaɗa a Legas, muka laƙaba mata kunkuru, al'amarinta dabam ne, domin masu hikimar da suka ƙera ta sun ɗora nauyinta a kan waɗansu sandunan ƙarfe da ke kwance a gicciye, masu murɗewa su warware, shokozoba kuwa ba ta da wani aiki illa kashe tsalle. Idan aka zare sandunan aka sa koyiloba, aka ɗora nauyin mota dukansa bisa kunnen da aka yi domin shokozoba kaɗai, ba tare da an ƙarfafa shi da walda ba, an ba shi amanar da ba a ƙera shi dominta ba, kuma ramin farko mai zurfi na iya tsage shi.

Akwai wani ruɗu da na sha ji a gareji, wai ɗaga mota na ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya. Sam. Buhunan gero da kwalayen bandar kifi nauyinsu ɗaya ne a kan birki da taya, sai ma dai motar da aka ɗaga fiye da kima ta fi saurin kifewa a kwana.

Saura zaren nan na jikin koyiloba, wanda ƙurar hunturu ke cikawa, laka ta biyo baya, tsatsa ta kama. In ba a riƙa wanke shi ana shafa masa giris ba, kafin damina biyu zoben ya kafe, sai da guduma.