Sojojin Roba da Darar Gindin Bishiya: Yadda Wasa Ke Zama Gasa

 Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba, ga rubutun shirin wannan makon kamar yadda muka saba.

Yau kan wasa za mu tattauna. Na san wani zai ce, "Kai kuma duk abin da ke damun Malumfashi, ga tsadar taki, ga rashin tsaro, wasa ka gani?" A yi haƙuri a biyo ni zuwa ƙarshe, sai a yanke mini hukunci.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani bidiyo da na ci karo da shi a YouTube. Wani makeken zaure ne cike da tebura, ga manyan mutane, wasu har da furfura, sun duƙufa a kan 'yan mitsi-mitsin sojojin roba. Kowa da tef ɗin awo irin na tela a hannu, yana auna tazara, yana jefa 'ya'yan ludo. Da farko dariya na yi. Da na bibiyi abin sai dariyar ta tsaya, domin na ga tsari a ciki, irin tsarin da mu ba mu yi wa namu wasannin ba.

To mene ne wannan wasa?

Yaƙi ne ake kwaikwayo a kan tebur. Ana shirya teburin ya zama filin daga, da 'yan duwatsu da bishiyoyi da kangaye na roba ko na kwali. Kowane ɗan wasa yana zuwa da rundunarsa, 'yan sojoji da tsayin akasarinsu bai wuce gaɓar yatsa ɗaya da rabi ba. Akwai littafin dokoki da ya faɗi nisan da kowane soja zai iya tafiya, da nisan harbinsa, da ƙarfinsa. Tef shi ke auna tafiya, ɗan ludo mai fuska shida kuma shi ke yanke ko harbi ya samu ko ya kuskure. Wanda ya fi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Warhammer na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila. Ya fito a 1983, sannan a 1987 suka fitar da Warhammer 40,000, wanda shi ne ya fi cika zaurukan gasa a yanzu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shirin da ake yi kafin ranar gasa. Sojan nan a ɓalle yake zuwa cikin kwali, ba fenti. Kai za ka yanke shi, ka haɗa da gam, ka zauna da siririn buroshi ka yi masa fenti ɗaya bayan ɗaya. Runduna guda tana iya cin watanni. Bayan haka akwai lissafi. Kowane rukunin soja yana da makinsa, kuma masu gasa suna sa iyaka, galibi maki 2,000. Ko kana da kuɗin sayen shagon gaba ɗaya, abin da ya kai maki 2,000 kaɗai za ka ɗora a tebur. Idan ka kashe makinka a kan manyan motocin yaƙi, za ka rasa 'yan ƙasa masu riƙe wuri. Idan ka cika 'yan ƙasa, mai manyan makamai zai share ka. Sai ka rubuta jerin rundunarka ka miƙa wa alƙalai tun kafin ranar, kuma da ka miƙa ba canji.

Ranar gasa, wasa ɗaya yakan ci kusan awa uku, babbar gasa kuma takan yi zagaye biyar a kwana biyu. Ba a korar wanda aka ci. Bayan kowane zagaye ana haɗa wanda ya ci da wanda ya ci, wanda aka ci da wanda aka ci, kowa ya ƙarasa da sa'ansa. A ƙarshe ba gwanin yaƙi kaɗai ake karramawa ba, akwai kyautar wanda ya fi iya fenti, akwai ta wanda ya fi kyawun mu'amala da abokan karawa. Suna kuma da manyan taruka na shekara-shekara, irin AdeptiCon a Amurka da Salute a Landan, inda masu sayarwa da masu fenti da 'yan wasa ke haɗuwa kamar ranar kasuwa.

Asalin abin kuwa daga barikin soja ya fito. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya, wata tsohuwar daular Jamusawa, mai suna Reisswitz, ya gabatar wa manyansa wani wasa da ya gyara daga na mahaifinsa. Taswira ce ta gaske, da 'yan guntayen ƙarfe ja da shuɗi a matsayin runduna, da alƙali a tsakiya. Manyan suka karɓa suka sa hafsoshi su riƙa koyon dabara da shi. Da Furusiya ta ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka fara kwaikwayo. A 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, wanda ya kawo wasan cikin gidajen farar hula da sojojin wasan yara. Ita kanta darar ces da kuke gani, daga Indiya ta taso wajen ƙarni na 6, kuma 'ya'yanta rundunar wancan zamanin ce: 'yan ƙasa, mahaya dawaki, giwaye da kekunan yaƙi.

Yanzu mu dawo gida. Ina kallon bidiyon nan sai Kawuna ya faɗo mini a rai, shi da abokansa a gindin dalbejiya bayan la'asar, sun tona gidaje a ƙasa suna dara.

Ba darar nan mai gida 12 da ake zagayawa da 'ya'ya nake nufi ba. Ina nufin mai gida 30, layi biyar a gida shida-shida. Kowa yana da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki guntayen kara, wancan ya ɗauki tsakuwa. Wasan hawa biyu ne. Hawa na farko zubi: ka sa ɗaya, in sa ɗaya, har 24 su ƙare, gida shida kacal ya rage babu kowa. A wannan hawan ba a yarda ka jera uku ba. Hawa na biyu tafiya: ɗa yana matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Duk sanda ka jera uku a layi, ka ci, sai ka cire ɗa ɗaya na abokin karawarka. Wanda 'ya'yansa suka kasa kai uku, an gama da shi.

Kuma ba mu kaɗai ke yin ta ba. Dakarkari na ƙasar Zuru a jihar Kebbi sun shahara da ita, Zabarmawan Nijar suna kiranta dili, ana kuma buga ta har Burkina Faso.

Lokacin da na dawo hutu daga jami'a ina ji da kaina, na ce wa Kawu ya ba ni wuri in gwada. Ya dube ni ya ce, "To ɗan boko, bismillah." Na yi ta zuba 'ya'yana a gefe-gefe, ina ganin na tsare kaina. Da aka fara tafiya, ko taku biyar ba a yi ba ya kafa mini abin da 'yan dara ke kira doki. Wato ya jera biyu a wannan layin, biyu a layin da ke kusa, ga ɗa guda a tsakani. Ya matsa shi sama, uku sun cika, ya ci. Ya dawo da shi ƙasa, uku sun sake cika, ya ci. Ina zaune ina kallo ya tsince ni tas. Na ce, "Kawu, a ina na yi kuskure?" Ya ce, "Ɗana, ai tun wurin zubi aka cinye ka. Sauran duk rakiya ce."

Wannan maganar ita ce ta haɗa mini wasannin biyu. Baturen da ya kwana yana lissafin maki 2,000 da dattijon da ke nazarin inda zai soka karansa na bakwai, abu ɗaya suke koyo: kayanka ƙidayayyu ne, abokin karawarka yana da daidai naka, kuma inda ka ajiye su tun farko shi zai yanke maka hukunci. Duk manomin da ya taɓa zama da buhun taki uku da gona mai cin shida ya san wannan lissafin. Masara za a ba, ko a raba da dawa, ko a bar wani ɓangaren a sa waken suya? In ka yi kuskure a watan Yuni, sai Oktoba za ka ga sakamako, lokacin kuwa ba gyara.

To me ya sa nasu ya zama gasa da taro da sana'a, namu kuma yake mutuwa tare da tsofaffi? A ganina abu uku suka yi. Sun rubuta doka, sun sa rana, sun kuma girmama gwani. Mu kuwa dokar tana bakin dattawa, ranar ita ce duk sanda aka ga dama, gwanin kuma in ya rasu ya tafi da iliminsa.

Bara bayan an gama girbi, ni da abokaina muka ce bari mu gwada a unguwarmu. Mutum 16 muka tara, matasa goma, dattawa shida. Zan faɗa muku gaskiya, zagayen farko rigima ya zama. Wani ya jera huɗu ya ce ya ci, abokin karawarsa ya ce huɗu ba ci ba ce. A wani gefen kuma ana musu ko ana iya cire ɗan da ke cikin jerin uku. Kowa ya rantse haka ake yi a garinsu. Har wani dattijo ya karkaɗe rigarsa zai tafi, sai da muka bi shi da ban haƙuri. Laifinmu ne mu masu shiryawa, mun tara mutane ba mu daidaita doka ba. Dara ta so ta ci gida.

Sai muka dakata, muka zaunar da dattawan shida suka yanke: huɗu ba ci ba ce, ɗan da ke cikin jerin uku ba a taɓa shi, wanda ya ɗaga ɗa kuma dole ya tafi da shi. Muka rubuta a kwali muka jingina a bango. Daga nan ba a sake jin kan kowa ba. Muka ari tsarin nan na haɗa mai ci da mai ci, kuma da mutum 16 zagaye huɗu ya isa a samu mutum ɗaya da ba a ci ba. Wanda ya lashe wani dattijo ne mai gyaran keke. Kyautar sabulu ce da turmin atamfa na iyali, amma yadda yara suka raka shi gida sai ka ce Hawan Sallah. Abin da ya fi faranta mini, washegari na tarar da yara uku sun tona gidaje 30 a ƙofar gidansa suna jiran ya fito.

Na san akwai masu cewa dara aikin banza ce, kuma malamai da yawa suna gargaɗi a kanta. Ni ba malami ba ne, wanda yake son hukunci ya tambayi malaminsa. Amma abubuwan da aka fi kuka da su a fili suke: sa kuɗi, wuce lokacin salla, rantse-rantse da zage-zage, da magidanci ya bar neman abinci ya wuni a gindin bishiya. Shi ya sa muka sa sharaɗi: ba a sa ko sisi, da an kira salla an tashi, wanda ya yi zagi an cire shi, kuma sai da rani bayan amfanin gona ya shiga gida.

Mu kuma dubi abin da ya maye gurbinta. Daga Disamba zuwa Afrilu, saurayin da ba ya noman rani kuma bai tafi cirani ba, ina yake wuni? Da yawa suna kan waya suna cacar ƙwallo. Na san wanda ya sayar da buhun masara biyu ya zuba a ciki, bai tashi da komai ba. Wannan wasan yana koya wa yaro jiran sa'a. Dara kuwa ko ɗan ludo babu a cikinta, in an ci ka, kai ka yi kuskure, kuma za ka iya gano inda ka yi shi.

Kada wani ya ce wasan allo ba ya kai mutum ko'ina. Tunde Onakoya ya fara koya wa yaran unguwannin talakawa ces a Legas a 2018, a ƙarƙashin shirinsa na Chess in Slums Africa. A watan Afrilun 2024 ya zauna a dandalin Times Square na New York ya yi awa 60 yana bugawa don tara kuɗin karatun yara, duniya tana kallo. Shi da wasan da aka kawo daga waje ya yi wannan. Mu namu a ƙasa yake, ba sai an saya ba.

Ban ce kowa ya je ya sayi sojan roba ba, kuɗinsa ma ya fi ƙarfinmu. Tsarin nake so mu ɗauka. Ga abin da nake roƙo, musamman matasan Malumfashi, Funtuwa, Bakori, Ƙafur da Ƙanƙara. Ka nemi dattijon da ya fi iya dara a unguwarku, ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Baba, a koya mini." Ka riƙe takarda ka rubuta dokokin yadda ya faɗa, har da sunayen da suke kiran kowace dabara. In mun tara na garuruwa biyar ko shida, sai mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu, mu fitar da doka ɗaya da za a iya gasa da ita tsakanin unguwa da unguwa. Kafinta zai iya fafe mana allo mai gida 30, masu fenti su ƙawata 'ya'yan, ka ga an samu 'yar sana'a a ciki.

Ku rubuto mana yadda ake yi a garinku: jera huɗu ci ne ko ba ci ba? Kuma me kuke kiran doki a wajenku?

Kawu dai har yanzu ban taɓa cin sa ba, amma ran nan sai da ya yi shiru ya gyara zama kafin ya taka. Ni a wurina wannan ma ci gaba ne.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a abin da muka noma. Wassalamu alaikum.