Phoolan Devi: Yarinyar da zalunci ya kora daji, kamar yadda fim ya nuna ta

A shekarar 1994 ne darakta Shekhar Kapur ya fitar da fim ɗin Bandit Queen, wanda ya ba da tarihin Phoolan Devi, shugabar 'yan fashin da ta addabi arewacin Indiya. Jaruma Seema Biswas ce ta fito a matsayinta, an kuma gina labarin ne a kan littafin marubuciya Mala Sen.

An haifi Phoolan a 1963 a wani ƙauye na jihar Uttar Pradesh, cikin al'ummar Mallah, masunta da matuƙan jiragen ruwa da ake ɗauka ƙasƙantattu a tsarin bambancin asali na ƙasar. Fim ɗin ya soma ne da aurar da ita tana 'yar shekara 11 ga wani babban mutum. Da cin zarafin ya ishe ta, sai ta gudo gida, amma ƙauyen ya juya mata baya, 'yan sanda kuma suka ci mutuncinta.

Ba da son ranta ta shiga daji ba, domin 'yan fashi ne suka sace ta. A can Vikram Mallah ya kashe shugaban gungun don ya cece ta, ya kuma koya mata riƙe bindiga. Bayan an hallaka shi, wasu 'yan fashi daga al'ummar Thakur masu iko suka tsare ta a ƙauyen Behmai, suka yi mata fyaɗe. A 1981 gungunta ya dira ƙauyen, aka harbe maza kimanin 20. Ta miƙa wuya a 1983, ta shafe shekara 11 a kurkuku ba tare da an yanke mata hukunci ba.

Sai dai fim ɗin ya tsallake rikicin gona tsakanin mahaifinta da danginsa, wanda tun tana ƙarama ta tsaya a kai tsayin daka. Ita da kanta ta garzaya kotu don hana nuna shi, marubuciya Arundhati Roy kuma ta soki yadda aka baje wulaƙancin mace mai rai a gaban duniya ba da yardarta ba.

An zaɓe ta 'yar majalisar dokokin ƙasa a 1996. A ranar 25 ga Yulin 2001 aka harbe ta a ƙofar gidanta da ke birnin New Delhi.