Yaushe Ya Kamata A Ɗora Wa Dukushi Sirdi?

Idan Sallah ta gabato, unguwanninmu a Funtuwa da Malumfashi sukan cika da kilisa. Mahaya na shirin bin tawagar Sarkin Maska, hakimin Funtuwa, ko ta Galadiman Katsina, hakimin Malumfashi, zuwa hawa a birnin Katsina. A irin wannan lokaci mai dukushi ɗan shekara 2 yakan dube shi ya ga ya yi tsawo, ya lissafa harawa da dusa da dawar da ya ci, sai zuciya ta ce a ɗaura majayi kawai.

To, tsawo yana yaudara. Mu tuna darasin bayoloji: a kusa da ƙarshen ƙasusuwan dabba mai tasowa akwai guringuntsi, ta nan ƙashi yake ƙara tsawo, kuma sai girma ya kammala wurin yake ƙanƙarewa. A jikin doki wannan aiki yana farawa daga wajen kofato ya yi sama. Na gwiwa yakan rufe wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi. Na ƙashin baya shi ne na ƙarshe, sai wajen shekara 5 zuwa 6. Ga shi kuwa a nan sirdi yake zama. Idan aka yi gaggawar ɗora nauyi, ana iya jawo ciwon baya da ɗingishi, ko dokin ya tsani sirdi har girmansa.

Yaya za mu gane shekarunsa, tunda doki ba shi da takardar haihuwa? Dillalai bakinsa suke buɗewa. Kamar mu, doki ma yana famfara. Haƙoran gaba na tsakiya sukan sauya a shekara 2 da rabi, na gefensu a 3 da rabi, na kusurwa a 4 da rabi. Idan ya kai 5, baki ya cika.

Ko a ƙasashen waje ba a haɗu a kan magana ɗaya ba. A Ingila da Amurka ana sa 'yan shekara 2 tsere, amma mahayansu ƙanana ne marasa nauyi, ga likitocin dabbobi a kusa. A tsohuwar makarantar horar da dawaki ta birnin Biyana a Ostiriya kuwa, sai ingarma ya kai wajen shekara 4 ake fara masa karatu, kuma da yawansu suna aiki har bayan shekara 20.

Wani zai ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma ana iya tanƙwarawa daga ƙasa. Tun yana ƙarami a saba masa da ragama da turke, a ja shi, a goge jikinsa, a ɗaga ƙafarsa, ya ji kalangu da algaita daga nesa. Bayan shekara 2 a gwada masa linzami da sirdi ba kowa a kai. Wajen shekara 3 mai ƙaramin jiki zai iya hawa a yi tafiya kaɗan. Sukuwa da lifidi da wuni cikin rana a jira sai baki ya cika.

Mu matasa ne aka fi ɗorawa a kan dukushi saboda rashin nauyi. Kafin mu sa ƙafa a likkafa, mu roƙi mai dokin ya buɗe mana bakinsa mu gani, in da hali kuma a kira malamin dabbobi ya duba.