Yadda Wakiliya Ɗaya Ta Sa Aka Yi Wa Leda Doka A Turai

Ko wane ɗayanmu ya san leda. In ka sayi tumatir a kasuwa, a cikinta za a zuba maka, in ka sayi ƙosai ma haka. Ka kai gida ka juye, ka yar. Aikinta bai wuce na rabin sa'a ba, amma ta kan yi shekaru masu yawa ba ta ruɓe ba. Ta toshe lambatu da damina, akuya ta haɗiye ta ta rame har ta mutu. To, Turawa ma sun sha wannan wahala. A shekara ta 2015 suka yi wa leda doka guda, wadda ta hau kan ƙasashe 28 gaba ɗaya. Abin da na ke so mu duba shi ne yadda aka yi dokar nan, da irin aikin da wata wakiliya, Margrete Auken ta ƙasar Danmak, ta yi a kanta. In mun gane wannan, za mu gane abin da wakili ya ke yi a majalisar da ta haɗa ƙasashe da yawa.

Bari mu fara da majalisar kanta. Ƙasashen Turai suna da ƙungiya wadda a ke kira Tarayyar Turai. Yanzu ƙasashe 27 ke cikinta, gama Ingila ta fita a 2020. Tarayyar tana da Majalisar Dokoki, kuma tun daga 1979 talakawan ko wace ƙasa ne su ke zaɓen wakilansu da ƙuri'a, sau ɗaya cikin shekara biyar. A zaɓen 2014 kujeru 751 ne, a na 2024 kuwa 720. A kan raba kujerun gwargwadon yawan mutanen ƙasa. Jamus, wadda ta fi kowa jama'a, tana da 96, Danmak kuwa 13 ta samu a 2014. Babban zama a birnin Strasbourg na Faransa a ke yinsa, sau 12 a shekara, amma yawancin aikin kwamiti a Burasal ne, babban birnin Beljiyam. Harsuna 24 a ke magana da su a zauren, ko wane wakili da nasa, tafintoci suna juyawa nan take.

Ga wani abu da ya kamata a lura da shi. Wakilai ba su zama ƙasa ƙasa, sai dai ra'ayi ra'ayi. Watau Bafaranshe da Bajamushe masu ra'ayi ɗaya su kan zauna gefe guda, su bar 'yan ƙasarsu a wancan gefe. Cikin waɗannan rukunoni akwai na waɗanda a ke ce wa Koraye, sabo da kore ne tutarsu. Babban abin da ya dame su shi ne kiyaye muhalli, watau ƙasa da ruwa da iska da abin da ke rayuwa cikinsu. Ba su da yawa. A lokacin da mu ke magana a kai, ba su kai kashi ɗaya cikin goma na majalisar ba.

A cikinsu Margrete Auken ta zauna. An haife ta a 1945 a birnin Aarhus, ta yi karatun addinin Kirista, ta yi shekaru da yawa tana aikin fasto a cocin Danmak. Mutanen Adamawa sun san ƙasar nan, gama daga can ne 'yan mishan da suka sauka Numan a 1913 suka fito. Ta fara shiga majalisar ƙasarsu a 1979, sa'an nan aka zaɓe ta zuwa Majalisar Turai a 2004, ta zauna har 2024, shekara 20 ke nan. To, ga ta daga ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba a lokacin, ga ta kuma cikin ƙaramin rukuni. Ta yaya za ta sa hannu cikin dokar da za ta hau kan mutum miliyan 500?

Amsar tana cikin hanyar da a ke bi a yi doka a can. Kamar murhu ne mai duwatsu uku. Dutse na fari shi ne Hukumar Tarayya, watau ma'aikatan da ke gudanar da mulki, ita kaɗai ke da ikon kawo daftarin doka. Na biyu shi ne Majalisar Dokoki. Na uku shi ne Majalisar Ministoci, inda ministocin gwamnatocin ƙasashen su ke zama. Daftari ba ya zama doka sai majalisun nan biyu sun yarda da rubutu iri ɗaya, kalma da kalma.

Idan daftari ya iso Majalisar Dokoki, sai a miƙa shi ga kwamitin da abin ya shafa, kwamitin kuma ya danƙa shi a hannun wakili guda, wanda a ke kira mai rahoto. A kan raba wannan aiki tsakanin rukunoni gwargwadon girmansu, don haka ƙaramin rukuni ma ya kan samu rabonsa. Mai rahoto shi zai karanta daftarin, ya ji ta bakin masana da 'yan kasuwa da masu masana'antu, ya rubuta gyaran da ya ga ya dace. Sauran rukunoni ko wane ya kan naɗa mutum ɗaya ya riƙa bin sawunsa, ya kuwa zama dole ya shawo kansu, in ba haka ba gyaransa ya faɗi ran ƙuri'a. Daga bisani shi ne zai ja gaban majalisa wajen ciniki da ministoci. Wannan aiki ne ya faɗo hannun Margrete Auken game da leda.

Ga yadda al'amarin ya ke kafin doka. An ƙiyasta a 2010 mutanen Tarayyar sun yi amfani da leda kusan biliyan 100, watau kimanin 198 ga ko wane mutum a shekara, kuma kimanin biliyan 8 a ciki sun ƙare a yashe a kan hanya da koguna da teku. Masana da suka riƙa buɗe cikin wani irin tsuntsun teku a Tekun Arewa sun tarar fiye da tara cikin goma suna da gutsattsarin roba a tumbinsu. Amma ƙasashen ba ɗaya su ke ba. A Danmak da Finlan, ledar nan mai shara-shara guda 4 kurum mutum ya kan yi amfani da ita a shekara, a Folan da Fotugal kuwa an ƙiyasta fiye da 450. An kuma riga an san maganin abin. A 2002 ƙasar Ailan ta sa harajin santi 15 a kan ko wace leda, nan da nan lissafin ya faɗo daga 328 ga mutum ɗaya zuwa 21. Ashe abin da mutum ya ke karɓa kyauta shi ya ke yarwa.

A watan Nuwamba 1913 ba a san leda ba, amma a Nuwamba 2013 ta isa a kawo daftari a kanta. Hukumar Tarayya ta kawo shi, yana cewa ko wace ƙasa ta ɗauki mataki ta rage amfani da leda. Sai dai bai faɗi nawa za a rage ba, bai kuma sa rana ba. Malami ya san irin wannan. In ka ce wa yara su ƙara ƙoƙari, ba ka faɗi shafin da za su kai ba, ba ka faɗi ranar da za ka duba ba, to, ba ka ba su aiki ba tukuna. Ƙasar da ta rage leda ɗaya tak ma sai ta ce ta cika doka.

Babban aikin da Margrete Auken ta yi shi ne sa lamba da rana cikin daftarin nan. Rahotonta ya nemi a rage rabi kafin 2017, a rage kashi 80 cikin 100 kafin 2019, a kuma hana kantunan abinci ba da leda kyauta. Ya nemi kuma a kawar da wata irin leda wadda masu yinta su ke cewa tana narkewa da kanta, alhali farfashewa ta ke yi ta zama ƙananan gutsattsari waɗanda ba su tsintuwa. A watan Afrilu 2014 aka jefa ƙuri'a a Strasbourg, wakilai fiye da 500 suka goyi bayan rahoton. Koraye ba su kai 60 ba a ran nan, watau yawancin ƙuri'un daga wajen waɗansu rukunoni ta samo su.

Saura ministoci, nan kuwa ciniki ya yi tsanani. Gwamnatocin da mutanensu ke amfani da leda ɗaruruwa sun ga wa'adin ya yi kusa ƙwarai.  Ana cikin haka aka yi zaɓe a watan Mayu 2014, aka kuma naɗa sabuwar Hukuma a Nuwamba, wadda ta zo da niyyar rage yawan dokoki. Mataimakin shugabanta na fari, Frans Timmermans, bai ɓoye ba, ya nuna gyaran nan bai kwanta masa a rai ba. Bisa ƙa'ida kuwa, in Hukuma ta ƙi wani gyara, ba ya wucewa sai ministocin ƙasashe duka sun yarda baki ɗaya. Ƙasa guda ta isa ta rushe aikin shekara.

Cikin watan nan na Nuwamba aka shirya, ƙasashe 28 duka suka yarda, Hukuma kuma ta bar abin ya wuce. A ƙarshen Afrilu 2015 Majalisar Dokoki ta tabbatar da shi. Ga abin da dokar ta ce. Ko wace ƙasa ta zaɓi ɗayan hanyoyi biyu, ko ta haɗa su. Hanya ta fari, kada amfani da leda ya wuce 90 ga mutum a shekara daga ƙarshen 2019, kada kuma ya wuce 40 daga ƙarshen 2025. Hanya ta biyu, daga ƙarshen 2018 kada a ba mai saye leda kyauta. Ledar da a ke nufi ita ce mai shara-shara, wadda sai an jera fiye da 20 kafin kaurinsu ya kai milimita ɗaya. Wadda ta fi wannan rashin kauri nesa, irin ta ƙunsa nama da kayan lambu, an bar wa ko wace ƙasa ta cire ta daga lissafi in ta so. An kuma wajabta wa ƙasashe su riƙa ƙidaya, suna aika lissafi ko wace shekara.

Yanzu sai mu ɗauki alli. Kashi 80 cikin 100 na 198 ya kama 158 da 'yan kai. In ka ɗebe shi daga 198, saura kusan 40. Ashe lambar da wakiliyar ta nema ita ce ta shiga doka, sai dai an sake mata kama, an kuma ja wa'adin daga 2019 zuwa 2025. Ta sallama shekara shida, ta sallama hana ledar nan mai farfashewa, gama abin da aka yarda kurum shi ne Hukuma ta bincika ta kawo rahoto. Amma ta riƙe lamba da rana, ba ta sake su ba. Mai ciniki ya kan san tun daga gida abin da zai iya ragewa da abin da in an taɓa zai ce albarka. Ledar mai farfashewa ma ba ta tsira ba, wata doka ta 2019 ta hana sayar da ita daga watan Yuli 2021.

To, dokar ta yi aiki? Ofishin ƙididdiga na Tarayyar ya nuna a 2018 mutum ɗaya yana amfani da leda fiye da 90 a shekara, a 2022 kuwa kimanin 67. An samu ragi sosai, amma ba ko'ina ba. A shekarar nan ta 2022 mutumin Beljiyam bai kai 10 ba, na Lituweniya kuwa ya haura 200. Doka a takarda farkon aiki ce, cikawa tana hannun ko wace gwamnati da masu kantuna da masu saye.

Wani zai ce, ai waɗansu ƙasashen Afirka sun fi haka ƙarfin hali, gama Ruwanda ta hana leda ɗungum a 2008, Kenya ma a 2017. Gaskiya ne. Amma ƙasa ɗaya mai gwamnati ɗaya ta kan yanke shawara ita kaɗai. Inda ƙasashe 28 za su ɗaura wa kansu igiya guda, sai da lallashi da rangwame. Mu ma muna da majalisa irin wannan a Abuja, ta ƙungiyar ECOWAS, ko da ya ke wakilanta daga majalisun ƙasashensu a ke turo su, kuma yawancin aikinta ba da shawara ne.

Sabo da haka, 'yan'uwa, in ranar koyar da sha'anin mulki ta zo, yara suka tambaye ku abin da wakili ya ke yi a majalisa, kada ku tsaya ga jawabi da tafi. Ku gaya musu yawancin aikin a ɗakin kwamiti a ke yinsa, da karatu da lissafi da haƙurin zama da wanda ba ra'ayinku ɗaya ba. Ku koya musu kuma su riƙa yi wa ko wace doka tambaya biyu: nawa, kuma yaushe? In kuna so abin ya zauna musu, ku sa ko wane yaro ya ƙirga ledar da ta shiga gidansu cikin mako guda, ya riɓa sau 52, ya raba da yawan mutanen gidan, sa'an nan ya gwada abin da ya samu da 40.