Haɗe hukumomi: Yadda shugaba zai riƙe ma'aikatan da ba su san makomarsu ba

Tun watan Fabrairun 2024, lokacin da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a aiwatar da rahoton Oronsaye, ma'aikata da dama a Abuja suka shiga zullumi. Rahoton, wanda aka miƙa wa gwamnatin Jonathan a 2012, ya ba da shawarar rage hukumomin da doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Tambayar ƙaramin ma'aikaci ɗaya ce: ina zan dosa idan aka haɗe ofishinmu da wani?

A irin wannan hali ake gane shugaba. Peter Drucker, masanin gudanarwa haifaffen Ostiriya, ya ɗauki jagorancin ma'aikata a matsayin ilimin sanin ɗan Adam, mai ɗiba daga tarihi, falsafa da halayyar mutane.

Tarihinmu ma ya ishe mu darasi. A 1975 gwamnatin Murtala ta sallami dubban ma'aikata cikin gaggawa. An kori baragurbi, amma tsoro ya kama waɗanda suka rage, amana tsakanin ma'aikaci da gwamnati kuma ta yi rauni.

Don haka babban sakatare ko daraktan da sauyi ya tunkaro ofishinsa ya tara ma'aikatansa, ya faɗa masu abin da aka yanke da abin da ake jira, tun kafin jita-jita ta riga shi. Ya saurari tsofaffin hannu da suka san sirrin aiki, sannan ya tabbatar fayil, matakin albashi da bayanan fanshon kowa sun bi shi duk inda aka mayar da shi.